Abin da Aka Tsayar Kan Agogon Milisakan a Manhajar Windows

Masu rubuta manhaja a Gusau sun tattauna kan agogon da ke kiran aiki duk bayan 'yan milisakan, irin wanda ake kunnawa da umarnin timeSetEvent ko CreateTimerQueueTimer (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Ga abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai.

Babbar matsalar ita ce aikin da agogon ke kira ba a zaren da ke kula da taga yake gudana ba, wani zare ne daban. Zare (thread) shi ne layin aiki guda a cikin manhaja, taga kuma fuskar manhajar da ake gani a allo. Wanda ya taɓa maɓalli ko akwatin rubutu daga can, yau manhaja ta yi lafiya, gobe ta daskare a gaban mai shago. Abin yi shi ne a ajiye bayanin, a aika saƙo da PostMessage, taga ta ɗauka da kanta. SendMessage kuwa a guje shi, domin yana jiran amsa. Idan taga ma tana jiran agogon, kowa ya tsaya cak.

Aikin ya zama gajere ƙwarai. Ba karanta fayil, ba jiran intanet.

Bugun agogon Windows na asali kusan milisakan 15.6 ne. Wanda ya kira timeBeginPeriod(1) don rage bugun zuwa milisakan ɗaya dole ya rufe da timeEndPeriod(1), kuma ya sani batir zai fi saurin ƙarewa, abin da ke da nauyi a inda wuta ba ta zama.

Wajen rufewa aka fi jan kunne: a kashe agogo, a jira kiran ƙarshe ya kammala, sannan a share ma'ajiyar da yake amfani da ita. Umarnin kashe agogo na DeleteTimerQueueTimer, idan aka ba shi ƙimar INVALID_HANDLE_VALUE, yana yin wannan jiran, amma kada a kira shi haka daga cikin aikin agogon, don zai jira kansa har abada.

Auna ainihin tazarar lokaci tsakanin kira da kira kuma da QueryPerformanceCounter ake yi.