Faifan ne jabu, ko wani abu ne ke tsayar da ajiyar?

Mai Hoto, Kawo: Salamu alaikum jama'a. Akwatin NAS, wato na'urar ajiyar fayiloli da kwamfutoci ke haɗuwa da ita ta netwok, da muke tara aikin biki a situdiyo nake son kwashe kwafinsa zuwa faifan waje mai terabait 2. Hotuna na wucewa lafiya, can tsakiya sai aikin ya tsaya, ya ce ya gaza. Ni dai na gama magana, faifan nan jabu ne. Duk ajiyar da ta tsaya a hanya, faifai ne ba shi da kyau. Gobe zan mayar wa mai shi.

Mai Gyara, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Oga, ina bayanka. Jabu ya cika gari. A kwali an rubuta terabait 2, kwamfuta ma haka za ta nuna, amma ƙarya ce aka dasa masa. Na buɗe irinsu da hannuna: ɗan filashi manne da gam, sai guntun ƙarfe a gefe don ya yi nauyi a hannu.

Injiniya, Barnawa: Ku yi haƙuri, ban yarda ba. Irin jabun da kake faɗa yawanci ba ya tsayar da kwafi, kuma nan ne muguntarsa. Duk abin da ka ba shi zai karɓa, ya ce an gama, sai ranar da amarya ta zo neman bidiyonta ka buɗe ka tarar fayil ba ya buɗuwa. Wanda ya tsaya ya ce ya gaza, gaskiya ya faɗa maka. Malam, buɗe rahoton aikin a cikin NAS ɗin. A kan fayil ɗaya yake tsayawa kullum, ko wurin yana canzawa?

Mai Hoto: Na duba. Wuri ɗaya ne, bidiyon dina, gigabait 11.

Injiniya: To ka gani. Ina kyautata zaton faifan yana kan FAT32, wani tsohon tsarin adana fayiloli a faifai, shi kuwa ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da faifan wayam yake. Hoton kyamara 'yan megabait ne, shi ya sa suke wucewa. Da an zo kan dogon bidiyo sai a ci karo da bango.

Mai Gyara: Injiniya, da girmamawa, wannan bai shiga kaina ba. Faifai mai wannan girman yawanci da tsarin NTFS ko exFAT yake fitowa daga kamfani. Windows ma ta daɗe ba ta yarda ka yi wa abin da ya wuce gigabait 32 fomat ɗin FAT32 ta hanyar da kowa ya sani. Wa zai mayar da shi haka?

Mai Hoto: Tsaya. Yarona ya ce shi ya sake masa fomat da wata manhaja, don tsohuwar talabijin ɗin shago ta iya karanta shi idan masu biki sun zo kallon aikinsu. Yanzu na duba, FAT32 aka rubuta.

Hajiya, Unguwar Rimi: Alhamdu lillahi an gano naka. Amma don Allah kada wani ya ɗauka kullum wannan ce matsalar. Namu na ofis ba wuri ɗaya yake tsayawa ba, yau a farko, gobe dab da ƙarshe. Idan ka kasa kunne kusa da faifan sai ka ji yana ƙas, ƙas, fitilarsa ta mutu ta dawo. Ashe wuta ce ba ta isarsa. Ramin USB 2.0 miliamp 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, ƙaramin faifai mai juyawa kuwa yana jan wuta sosai lokacin tashi. Ga wayar doguwa ce, siririya. Da muka sa gajeriyar wayarsa ta asali a shuɗin rami, wato na 3.0, magana ta ƙare. Sai kuma sauyin wuta zuwa janareta, 'yan daƙiƙun nan sun isa su kashe NAS a tsakiyar rubutu. Ku sa masa UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, ba almubazzaranci ba ne.

Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya. Akwai kuma sunayen fayil. Idan ta kwamfuta kake jan kwafin, Windows na ƙin sunan da ke da alamar tambaya ko ɗigo biyu ko tauraro, kuma folda cikin folda idan adireshin ya zarce haruffa 260 wasu manhajoji sukan tsaya. Malam, ka mayar da shi NTFS. Amma fomat yana share komai, ka tabbata babu abin da yake can kaɗai.

Mai Hoto: Mai yi mana editin da Mac yake aiki. An ce exFAT ne ke tafiya ko'ina.

Injiniya: Yana tafiya, amma a Kadunar nan ba zan ba ka shawarar sa ajiya a kansa ba. NTFS yana rubuta abin da zai yi kafin ya yi, don haka idan wuta ta ɗauke yakan gyara kansa. exFAT ba shi da wannan. Mac na karanta NTFS, rubutawa ce ba ya yi sai da ƙarin manhaja, kuma faifan ajiya ai ba na editin ba ne. A nemo wa mai editin nasa daban.

Mai Gyara: Na yarda FAT32 ne ya tsayar da shi, amma wannan bai wanke faifan ba. Ana iya samun duka biyun. Oga, bayan fomat, kafin ka zuba aikin mutane, ka gwada shi da manhajar H2testw. Cika faifan yake yi har baki, sannan ya karanta ya ga ko abin da ya rubuta yana nan. Ka kuma duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo.

Injiniya: Wannan kam ban musa ba. Zai ci sa'o'i masu yawa, ka haɗa kwamfutar da inbata.

Hajiya: Idan kwafin ya gama, ka buɗe bidiyon dinar daga faifan, ka ja shi zuwa ƙarshe ka gani da idonka. Sannan ka cire faifan ka tafi da shi gida, kada ya kwana a shago ɗaya da NAS ɗin.

Mai Hoto: Na gode ƙwarai. Na fasa mayarwa gobe. Yau da dare zan yi fomat in sa gwajin, zan kawo muku sakamako.

Mai Gyara: Ka dai adana rasit ɗin, Oga, har gwajin ya ƙare.