Neman shawara: Na koma makaranta bayan shekara 15, karatu ya ƙi zama

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu kula da zauren nan a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, shekarata 39, 'ya'yana huɗu. Rabona da zaman ɗaliba tun da na gama NCE shekara 15 ke nan, sai bana Allah ya nufa na koma neman digiri. Da na fara kuka da karatu, babbar 'yata ta buɗo mini wani gwaji a intanet, na amsa tambayoyi, ya ce wai ni mai koyo da kunne ce. Na ji daɗi, don dama in na daɗe a kan takarda sai layuka su riƙa haɗewa, kaina ya ɗau ciwo. Daga nan na koma naɗar lacca a waya. Ina tuƙin tuwo ina saurare, ina cikin motar Samaru ina saurare, har na san daidai inda malamin ƙididdiga yake yin tari. Wallahi ji nake na iya. Ranar jarrabawa aka ba mu lambobi a ce mu fitar da amsa, na riƙe biro kamar ban taɓa shiga ajin ba. Na ci 7 cikin 30. Yarinyar da ke gefena, sa'ar 'yata, ta ci 24, har da ce mini "Mama ai mai sauƙi ne."

Shin gwajin ne ya yi kuskure, ni mai koyo da ido ce? Ko kuwa ƙwaƙwalwar ce ta tsufa in haƙura? Kuɗin rajistar nan da adashe na haɗa shi.

Maman 'Yan Biyu:
Haƙuri kuma? Gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi. Allah ya ba da sa'a, bari masana su zo.

Malami a Samaru:
Wa alaikumus salam Malama. Ina koyar da ɗaliban sashen ilimi, kuma kusan kowace shekara sai na gamu da irin wannan. Gwajin da kika yi da alama VARK ne, wanda wani malami ɗan ƙasar Niyuzilan, Neil Fleming, ya tsara a 1987. Ya kasa mutane huɗu: masu son zane da hoto, masu son saurare, masu son karatu da rubutu, da masu son taɓawa da hannu. Ba shi kaɗai ba ne, a 2004 wasu masana a Ingila ƙarƙashin Frank Coffield sun ƙirga irin waɗannan rabe-rabe har 71. To amma a 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa a Amurka suka bi binciken da aka yi, ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa in an koyar da mutum ta salon da ya fi so zai fi cin jarrabawa. Gwajin bai yi miki ƙarya ba, kina son saurare. Abin da kike so daban, abin da darasin yake bukata daban. Ke malama ce: ɗan aji uku zai iya raba dogon lissafi don ya ji ki kina yi sau goma? Sai ya riƙe alli. Ƙididdiga haka take, ko farfesa sai ya zauna ya yi ta da hannu.

Jin "na iya" ɗin nan kuwa shi ya yaudare ki. Kunne ya saba da muryar malamin, sai sabo ya yi kama da sani. A 2006 Roediger da Karpicke sun gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta shafi, wasu suka rufe suka yi ƙoƙarin tuno shi. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, bayan mako guda masu tunowa suka wuce su.

Tsohon Gardi, Ƙofar Doka:
Malam, a gafarce ni, wannan binciken na 2006 ai alarammanmu ya riga su. A tsangaya ba a wanke allo don yaro ya ce ya ji karatu. Ka rubuta, a biya maka, ka yi ta maimaitawa, sannan ka kifa allon ka kawo hadda da ka. In ka yi tuntuɓe, koma. Wanda aka wanke kuma ba a sallame shi ba, yana nan a tilawa, da asuba za ka bi ta kansa, in ba haka ba ya gudu. Ido ya yi aiki, hannu ya yi, baki da kunne sun yi, ba wanda ya taɓa tambayarmu wane iri ne mu.

Ni da furfurata na shiga difloma, 'ya'yan cikina suna ce mini Baba a aji. Abin da na yi: bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, minti 30. In kifa littafi, in rubuta abin da na tuna na jiya a bayan tsohuwar kalanda, in buɗe in ga inda na yi ɓaranɓarama. Ran Asabar in bi na makon gaba ɗaya. Ƙanwata, akwai ɗaci, don kullum sai kin ga jahilcinki ƙiri-ƙiri a takarda. Saurare ya fi daɗi, shi ya sa muke gudu can.

Anti Nas:
Ni ban yarda a yar da sauraren gaba ɗaya ba. Mace mai aiki da yara huɗu, yaushe ta ga zama? Da naɗin lacca na gama nawa karatun. Sai dai ni in na saurari minti 10 nakan tsayar, in faɗa da bakina da Hausa kamar ina yi wa wani bayani, har yarana suna cewa Umma ta fara magana ita kaɗai. Kwasa-kwasan tarihi da falsafar ilimi za su shiga ta haka. Lissafi kam na bi bayan Malam.

Amma abin da ya tsaya mini a rai, wanda duk kuka tsallake: layuka suna haɗewa, kai yana ciwo. Yaya, wajen shekara 40 ido kan fara gaza ganin na kusa, abu ne sananne. In kin lura kina miƙa waya nesa kafin ki karanta saƙo, je asibiti a auna idon. Kada ki ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin da tabarau zai gyara.

Ɗan Aji Biyu:
Mama, mu ma faɗuwa muke yi, ba ma faɗa ne kawai. Ki nemi tambayoyin shekarun baya a wajen masu hoton takardu na bakin makaranta. Kuma wadda ta ci 24 ɗin nan ki kama ta, ki riƙa yi tana dubawa, kar ta yi kina kallo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Nas kin kama ni, ko zare sai na ba yara su zura mini a allura, ban taɓa haɗa shi da karatu ba. Zan je a duba ranar Litinin in an tashi makaranta. Baba na Ƙofar Doka, yau da asuba na gwada: na kifa littafin, na ce bari in rubuta matakan fitar da matsakaicin lamba da na saurara ya fi sau 20. Biyu na tuna, na ukun na juya shi. Na gyara, gobe in sake. Yarinyar ma na kira ta, ta ce za ta zo Asabar da hantsi, amma wai sai na yi mata ɗanwake.