Rarar kwana uku a birnin Meksiko: daga ina zan fara?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wurin aiki za su tura ni taro birnin Meksiko wata mai kamawa, kuma zan samu rarar kwana uku bayan an tashi. Tun muna sakandare nake jin labarin Aztek da Maya, ina so in ga abin da suka bari da idona. Waɗanda suka taɓa zuwa, daga ina zan fara?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kai ka lafiya. Ka fara da babban gidan tarihinsu, Museo Nacional de Antropología, a lambun Chapultepec, ka ba shi yini guda cur. Ba sa buɗewa ranar Litinin, ka lura. Kowa Dutsen Rana na Aztek yake rugawa ya gani, wanda aka tono a 1790, nauyinsa kusan tan 24. Ni kuwa manyan kawunan dutse na Olmek, al'ummar da ta daɗe da shuɗewa kafin Aztek, su ne suka tsaya min a rai. Guda 17 aka gano zuwa yanzu, wasu sun kai shekara 3,000. Daga duwatsun Tuxtla aka jawo dutsen, tafiya mai nisa, ba doki, ba jaki, ba amalanke, aka sassaƙa shi ba tare da ƙarfe ba. Kowane kai da kamanninsa daban, kamar za ka gaishe shi ya amsa.

Injiniya Sale: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma da ni ne Teotihuacan zan sa a gaba, tun da sauran ƙarfi a jiki. Kilomita 50 ne daga birni, akwai motocin haya da ke tashi daga tashar arewa. Ka yi sammako, don babu inuwa a wurin. Dalar Rana ta kai mita 65 tsayi. Kuma kada ka ɗauka ginin Aztek ne. Birnin ya yi zamaninsa ya mutu ɗaruruwan shekaru kafin su, kufai suka tarar, su ne ma suka raɗa masa sunan. Lokacin da yake ganiyarsa mutum sama da 100,000 ne a ciki, tituna a miƙe kamar an ja da igiya, da magudanan ruwa. Ka daure ka shiga gidajen Tepantitla da ke gefe ka ga zanen bango, a nan ake gane yadda jama'a suka rayu.

Malam Habu: Injiniya, ana hawa dalar?

Injiniya Sale: Ta Rana an hana tun 2020. Ko ba hawa ma tafiyar ta isa. Birnin Meksiko kansa yana kan tudu mita 2,240, numfashi na yi wa baƙo wuya a kwanakin farko. Ka riƙe ruwa da hula.

Maman Sadiya: Yaya Habu, ni malamar aikin gona ce, don haka ga inda zan ja ka: Xochimilco. Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a kan tsibiri aka kafa shi a 1325, tsakiyar tafkin Texcoco. To me suke ci? Sai su kafa shinge a ruwa marar zurfi, su yi ta zuba laka da ciyawar ruwa har ya zama fili, su dasa itatuwa a gefe saiwa ta riƙe ƙasar. Chinampa suke kiran irin wannan gona. Danshi na tasowa daga ƙasa, ana girbi sau da yawa a shekara, kamar fadamar da ba ta ƙafewa. Har yau akwai manoma a kai. Kada ka tsaya a kwale-kwalen 'yan shaƙatawa masu kiɗa, ka nemi wanda zai kai ka cikin gonakin. Masarar da muke tuwo da ita a kudancin ƙasar nan ta Meksiko aka fara nomanta, wajen shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai suna teosinte. Sunanta ne kawai ke sa mu ɗauka daga Masar ta fito. Ka kuma kalli yadda suke dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka kafin niƙa. Wannan dabarar ce ke fito da sinadarin niyasin, ta kare su daga cutar da ta addabi Turawan da suka ɗauki masara suka bar dabarar a baya.

Hajiya Rabi: Ko kalmar tumatir ma, asalinta tomatl ne a harshen Nahuatl, harshen Aztek, kuma har yanzu mutum sama da miliyan ɗaya da rabi na magana da shi. Jikokinsu za ka tarar suna ciniki a kasuwa.

Baba Liman: Habu, abu biyu. Na farko abinci: tacos al pastor naman alade ne, kuma da kitsen alade ake yawan haɗa wake da tamales. Ka koyi kalmar manteca, wato kitsen alade, ka riƙa tambaya. Na biyu, ka je Templo Mayor, babban haikalin Aztek, gefen babbar majami'ar dandalin Zócalo. Masu aikin lantarki ne suka ci karo da wani sassaƙaƙƙen dutse a 1978, daga nan aka tono haikalin. Za ka ga shaidar yanka mutane don bauta, abin ba daɗin gani, kuma ba ƙarya ba ne. Za ka kuma ga yadda Sifaniyawa suka rushe birnin Tenochtitlan bayan faɗuwarsa a 1521, suka gina nasu a kai. Ba su kaɗai suka ci yaƙin ba, dubban mayaƙan Tlaxcala ne suka mara musu baya, ga cutar agana ta riga ta yi ɓarna.

Malam Habu: Na gode Baba. To Maya fa? Ba wanda ya ambace su.

Injiniya Sale: Sun yi nisa. Palenque da Chichén Itzá sai da jirgi, kwana uku ba za su isa ba.

Hajiya Rabi: Zauren Maya na gidan tarihin zai rage maka zafi. Akwai kwafin kabarin sarki Pakal, wanda aka gano a Palenque a 1952. Ka tsaya kan rubutunsu da lissafinsu, suna da sifiri, kuma da ashirin-ashirin suke ƙirga. Abin da ke min ciwo shi ne littattafan. Wani limamin kirista, Diego de Landa, ya ƙona da yawa a garin Maní a 1562. Guda huɗu kacal suka rage a duniya, uku ma suna Turai: Dresden, Madrid da Paris.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri. Taron Juma'a zai ƙare. Asabar gidan tarihi, Lahadi Templo Mayor da safe in wuce Xochimilco, Litinin Teotihuacan tunda shi yana buɗe. Maman Sadiya, zan ɗauko miki hoton gonakin.

Maman Sadiya: Ka haɗa da hoton masararsu mai launin shuɗi, Yaya. Ɗalibaina ba su yarda akwai ta ba.