Baƙi na komawa kore a sikirin wayata

Assalamu alaikum, masu gyaran waya a taimaka. Ina wani ƙauye kusa da Ringim. Tun da aka canza mini sikirin, duk inda dare ya yi a fim sai baƙin ya koma kore-kore, fuskoki su yi dabbare-dabbare, musamman in na rage haske. Da rana lafiya lau.

Na kashe kariyar ido, ba canji. Na tura bidiyon zuwa wayar ƙanena, can tas ya fito. Sikirina na asali irin AMOLED ne, wanda baƙinsa ke mutuwa ƙurmus, wannan kuwa yana ɗan haske a ɗaki mai duhu. Anya ba LCD, wato sikirin mai fitila a bayansa, aka sa mini ba? Mai gyaran dai ya rantse ba LCD ba ne. Yaya zan tabbatar kafin in kashe kuɗin mota zuwa Kano?