Saura kwana 41 lasisin gwajinmu ya ƙare, daga ina zan fara?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni da surukina muka sayi gidan kula da tsofaffi a jihar Illinois, mai gado 60. Filina na gida na sayar, na haɗa da bashi, iyalina ma ba su so ba tun farko. Ma'aikatar lafiya ta jihar, IDPH, ta ba mu lasisin gwaji na kwana 120, yau mun ci 79. Nas biyu sun ajiye aiki, tsohon mai gidan kuma ya bar gyare-gyaren da bai ƙarasa ba. Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Hajiya Nas: Wa alaikumus salam. Alhaji, ba kwana 41 gare ka ba, 11 ne. A cikin kwana 30 na ƙarshe ake zuwa cikakken bincike, kuma ba sa sallama. Fara da lissafin ma'aikata: awa 3.8 kullum ga mai buƙatar cikakkiyar jinya, awa 2.5 ga mai matsakaiciya. In kana da masu cikakkiyar jinya 40 da masu matsakaiciya 20, awa 202 ke nan a rana. Kashi 25 cikin ɗari na awoyin dole ya fito daga nas masu lasisi, aƙalla kashi 10 daga RN, wato nas masu cikakkiyar rajista. Takardar biyan albashi za su gwada da jadawalin da ke bango. Mutum nawa ke kwance yanzu? Ba ka faɗa ba.

Baban Yara: Kwantar da hankalinka, Yaya. Doka ta yarda a sabunta lasisin gwajin sau ɗaya, har kwana 120.

Hajiya Nas: Sai sun ga ya yi nisa da gyara, Malam, ba kyauta ba ce. Kuma babu na uku.

Mai tambaya: Amma laifukan nan ba mu muka yi ba, gadonsu muka yi.

Hajiya Nas: Tarar da aka ci tsohon mai gidan tana wuyansa, amma shirin gyaran da ma'aikatar ta amince masa ya dawo kanka ranar da ka karɓi gidan. Ɗauko takardar, ka bi ta layi-layi, kowane gyara da rasit da kwanan wata. Ka duba cewa sunan kowane mai taimaka wa nas yana cikin rajistar ma'aikatan lafiya. Sabon shiga a rubuta masa tsarin kula cikin awa 48. Atisayen gobara kowane wata uku, ga kowane rukunin aiki, har na dare, wanda shi aka fi tsallakewa. Littafin sanyin firijin magani kada a cike shi rana ɗaya da biro ɗaya, suna ganewa.

Dattijo: Ka tsayar da karɓar sabbin mutane, awoyin da ake binka su ragu.

Anti: A'a, ka ɗauko nas na haya daga kamfani. Ko da yake abin takaici ne, kuɗi kamar me, ga shi ba su san sunan tsofaffin ba, sai a bar tsohuwa da abinci ya huce a gabanta.

Mai tambaya: Gado in ya zauna babu kowa, da me zan biya bashi? Nas na haya kuma surukina ba zai yarda ba. Ina ganin mu ƙara wa na nan awoyi kawai.

Hajiya Nas: Gajiyayyar nas ce ke kuskuren magani, Alhaji. Har yanzu ba ka ce mutum nawa ke kwance ba.