Ina zan jona tiyon birkin motar da nake ja?

Masana birkin iska, ku taimaka min don Allah. Motata babba ce, irin mai ɗaki a ciki, ina son jan ƙarama a baya, birkinta ya riƙa aiki da iskar babbar. Kusa da ƙugiyar ja akwai bakin iska ɗaya. Na sa geji, yana tsaye a 120 psi (ma'aunin ƙarfin iska) ko na taka birki ko ban taka ba, wato daga tankin iska take zuwa. In na jona nan, ai birkin ƙaramar zai kame, tayoyi su ci wuta.

To ina zan samu iskar da ke ƙaruwa daidai da takawa? A bawul ɗin gatarin baya, kafin na'urar ABS mai hana tayoyi kamewa? Tiyo mai kwatan inci ya isa? Abin da ya fi damuna: in tiyon ya tsinke a hanya, wane bawul zai hana tankin zubar da iska?