Rubutun katangar Alhaji: sallamar ɓarayi ce ko ƙuruciya?

Alhaji Mai Katanga: Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Abin da na faɗa a ƙofar masallaci bayan isha'i shi zan maimaita, don waɗanda ba su je ba su ji. Kafin babbar Sallah na shafe katangata da farin fenti, bokiti biyu, ban da kuɗin aiki. Ba a rufa sati uku ba aka wayi gari an fesa mata baƙi da ja: sunan bes ɗin wasu yara, wato majalisar samari da suke zama, da zanen kambi a sama, kowane harafi ya kai tsawon jikata mai shekara biyar. Kwana tara bayan haka aka fasa ɗan shagon katakon mai cajin waya da ke bakin lungun, aka kwashe wayoyin mutane. Ina nan kan bakana, rubutun nan sallamar ɓarayi ce. Duk lungun da aka fara fesa wa fenti a Nima, nan Ankara babban birnin Gana, ku saurari sata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai Fenti: Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Ni na shafa maka farin nan, sau biyu na bi shi, don haka nima abin ya ci mini rai. Ɓata katangar mutum ba da izininsa ba laifi ne, babu ja. Amma ɓarawo ba ya rubuta sunansa. Mai fasa shago duhu yake so. Mai fesa fenti kuwa so yake gari ya waye kowa ya san ya zo. Hali biyu ne.

Alhaji Mai Katanga: Hali biyu, dare ɗaya. Wanda ke yawo da gwangwani ƙarfe biyun dare, tahajjud ya fito?

Tela: Ni tambayata ɗaya ce. Jan fentin da aka rubuta a ƙofar shagona bara, wai in cire shi bisa umarni, da ƙaton gicciye a ƙasa, hukuma ce ta rubuta da rana tsaka. Bangon gidan da nake haya an rubuta gidan nan ba na sayarwa ba ne. Gaba kaɗan an rubuta kada a yi fitsari a nan, tara sidi 50, kuma wallahi nan ne ya fi ko'ina zarni. Sannan ga fastocin jam'iyyun NPP da NDC tun zaɓen Disamban 2024, wani kan wani kamar ɓawon albasa. Wanne daga ciki ne sallamar ɓarayi?

Malamin Makaranta: Kawu Tela, ka ba mu dariya, amma kada mu yi wa Alhaji gaggawa, don maganarsa tana da tushe a wurin masana. A 1982 wasu Amurkawa biyu, James Wilson da George Kelling, suka fito da ra'ayin da ake kira na fasassun tagogi. Suka ce idan taga ɗaya ta fashe aka bar ta ba gyara, ba da jimawa ba sauran za su bi ta, saboda mai wucewa ya karanta cewa gidan ba shi da mai shi. An daɗe ana musu a kai, har a 2008 wasu masu bincike a garin Groningen na ƙasar Holan suka gwada shi a fili. Sun je wani lungu da ake ajiye kekuna, suka rataya wa kowane keke takardar talla a hannu, kuma babu kwandon shara a kusa. Da bangon yake fes, kashi 33 cikin ɗari ne suka yar da takardar a ƙasa. Da aka cika bangon da rubutu, kashi 69. Suka kuma bar ambulan yana leƙowa daga akwatin wasiƙu, ana hango takardar Yuro 5 a ciki. A wuri mai tsabta kashi 13 suka sace. Da aka ɓata akwatin da fenti, kashi 27.

Alhaji Mai Katanga: To kun ji. Allah ya yi maka albarka, Malam. Ninki biyu.

Malamin Makaranta: Amin, Alhaji, amma ban kai ƙarshe ba. Sun sake gwajin ambulan ɗin babu fenti ko ɗigo, sai shara da suka watsa a gindin akwatin. Kashi 25 suka sace. Ka ga shara ta yi kusan abin da fenti ya yi. Kuma waɗanda suka ɗauki kuɗin ba su suka yi rubutun ba, masu binciken ne suka yi. Mutanen gari ne kawai, masu wucewa, da suka ga alamar ba mai kula.

Tela: Idan shara na jawo sata, babbar kwatar Nima ita ce uwar ɓarayin Ankara.

Nas: Ku bar wasa. Ni ina bayan Baba Alhaji, amma ba ta ƙofar da ya shigo ba. Batun sata ban sani ba. Faɗa na sani, domin ni nake wanke raunin. Sunan bes a bango iyaka ce, kamar yadda ake kafa dutse a gona. Yau waɗannan sun rubuta nasu, jibi na lungun gaba su zo su ja masa layi su ɗora nasu a kai, gata a haɗu a wurin biki, sai kwalba da adda. Wa ya manta Janairun 2022, da ƙungiyoyi biyu suka yi arangama tsakanin Nima da Mamobi da rana tsaka, har da harbi, duk Gana ta kalla a waya? Ban ce fenti ne ya haddasa wancan ba. Amma yaron da ya haɗiyi tramadol ya ga an soke sunan bes ɗinsa, ba kwa son ku gamu da shi a lungu.

Mai Fenti: Anti, bes nawa ne a Nima? Ba sa ƙirguwa. Mafi yawansu benci ne da butar ataya da musun ƙwallon Hearts da Kotoko. Wasu su ke kwashe kwata ranar Asabar, su ke haƙa kabari idan an yi rasuwa. Idan duk mai suna a bango ɗan daba ne, da ba wanda ya kwana a unguwar nan.

Nas: Ban ce duka ba, ƙanena. Na ce wanda ke rubutu a kan na wani. Je ka duba na Baba Alhaji, akwai wani tsohon suna a ƙasansa?

Mai Fenti: Babu. Farin da na shafa ne kawai a ƙasa.

Boga na Bronx: Salamu alaikum, yanzu na ajiye mota, a nan asuba ba ta yi ba. Na ga an ambaci Amurka. Tun 1996 nake tuƙa tasi a Niyok, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da ake ba da labari, waɗanda rubutu ya rufe har gilashi, ban same su ba. An fara wanke su a 1984, aka gama a 1989, kuma dabarar ita ce duk taragon da aka fesa ba ya fita aiki sai an goge, don mai rubutun kada ya ga sunansa yana zaga gari. Wannan ya yi aiki, rubutu ya mutu a jiragen. Amma shekarar da ta biyo baya, 1990, ita ce aka fi kisan kai a tarihin birnin, mutum 2,245. Jirgi fes, gawa a titi. Daga baya kisan ya sauka ƙwarai, zuwa 1998 bai kai 700 ba, magajin gari Giuliani da Bratton, da ya shugabanci ’yan sanda, suka ce aikinsu ne na kama masu ƙananan laifi. Sai dai laifi ya sauka a biranen Amurka da yawa a shekarun nan, har inda ba a bi wannan tsarin ba. Har gobe ana gardama a kai.

Abin da ba gardama a kansa shi ne wanda ya sha wuya. A 2011 kaɗai ’yan sanda sun tare mutane a titi sau fiye da 685,000, kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba, kuma galibi baƙaƙe ne da ’yan Latin. Ɗana yana cikin lissafin, yana dawowa daga Islamiyya da jaka a baya aka jingina shi da bango aka zazzage littattafansa. A 2013 kotu ta ce yadda ake yi ya saɓa wa tsarin mulki. Yaya Alhaji, na ji an ce kana so a kira ’yan sanda su share bes-bes ɗin lungun. Idan motar ta zo ba ta tambayar wa ya riƙe gwangwani. Duk ɗan zango mai gajeren wando shiga zai yi.

Alhaji Mai Katanga: Kai kana can cikin sanyi, mu ke kwana da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni ban ce a kwashe kowa ba. Doka ce ta ce ɓarna a dukiyar wani laifi ne, tana cikin Dokar Laifuka ta 1960, ba ni na rubuta ta ba. Yau katanga, an yi shiru. Gobe mita. Jibi a tare matarka.

Hajiya Mai Koko: Tun ɗazu nake karatu ina jiran wani ya faɗa, ba wanda ya faɗa. Alhaji, shekara goma sha ɗaya ina dama koko a bakin lungun nan. Ƙarfe uku da rabi na dare wutata a kunne take, yarana biyu suna suyar ƙosai, direbobin motocin haya na trotro na tsaye da kofi. Wa ya taɓa fasa shago a lungun? Wa ya taɓa rubutu? Watan azumi ka aiko cewa hayaƙina zai ɓata sabon fentin da za ka yi, in matsa. Na matsa, na koma bakin titi. Fitilar kan sandar nan kuma ni nake canja mata ƙwai da kuɗina, tun da na tashi ta mutu ba wanda ya ɗaga kai. Bangon ya tsage, gaskiyarka. Amma ba yaran suka tsaga shi ba. Mai fenti da mai fasa shago duk ƙofa ɗaya suka samu a buɗe.

Tela: La ilaha illallahu. An zo wurin.

Alhaji Mai Katanga: Hajiya, wannan magana ce ta tsakaninmu, ba ta taro ba.

Hajiya Mai Koko: Kai ka kawo katangar taro.

Malamin Makaranta: Mma Hajiya ta faɗi abin da ni da alƙalumana muka kasa. Sai dai don adalci, ko da haka ne, barin rubutun a wurin ƙarin alama ce cewa ba mai kula. A goge shi da wuri ya fi.

Mai Fenti: A goge, su dawo, farin bango allo ne. Ni shawarata a yi masa zane na gaske. Ku duba unguwar Jamestown, inda aka fara bikin zane-zanen titi na Chale Wote a 2011, bangon da ake ƙyama ya zama abin da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Moh Awudu ɗan Nima ne, da gwangwanin nan ya yi suna har ƙasashen waje. A abin da na gani a aikina, yaran ba sa fesa wa zanen da ya fi ƙarfin hannunsu, balle idan an ba su buroshi sun shafa wani gefe.

Nas: Wato a saka wa mai ɓarna da kwangila. Wanda bai taɓa ɓata bangon kowa ba kuma ya ci kansa.

Mai Fenti: Shi ma ya zo, buroshi ba ya ƙarewa.

Alhaji Mai Katanga: Ba za a zana mini fuskar mutum a gida ba. In dai rubutu ne, a sa aya, mu ga mai ƙarfin halin da zai fesa mata fenti.

Na'ibin Liman: Alhaji, a yi haƙuri, ban da aya. Katangar tana bakin kwata, ruwan sama na fantsama mata, kuma kowa ya san abin da masu wucewa ke yi a gindinta da dare. Ba a kare bulo da Alƙur'ani. Sannan ina roƙo, sunan bes ɗin da ke jiki kowa ya karanta, iyayensu a sahunmu suke sallah. Kada wanda ya ɗora musu satar wayoyin nan ba shaida. Zan kira babbansu bayan la'asar gobe, mu ji ta bakinsu kan rubutun kaɗai.

Alhaji Mai Katanga: Na ji, Malam, a kira su. Amma su za su sayi fentin. Kuma ra'ayina bai canja ba, in aka sake zan kai ƙara.

Boga na Bronx: Kuɗin fitila a kaina, mai hasken rana, wadda ba ruwanta da kamfanin wuta na ECG. Wa zan tura wa?

Tela: Turo wa Na'ibi. Tsani yana shagona.

Hajiya Mai Koko: Ku sa fitilarku. Ni ba zan dawo da tukunyata ba sai wanda ya aiko a tashe ni ya zo da ƙafarsa.